Daga Maƙera Zuwa Zabira: Ina Makomar Askar Gargajiya a Ƙasar Zazzau?

Gari bai gama wayewa ba a Shika. An idar da sallar asuba, an raɗa wa jariri suna, an raba goro da dabino, mahauci kuma ya fara fiɗar rago a bayan gida. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma, wanzami ya tanƙwashe ƙafa ya jawo zabirarsa. Kakar yaro ta miƙo shi a naɗe cikin zani tana yi wa wanzami sannu da zuwa, shi kuma yana amsawa da Allah ya raya, Allah ya ɗayyaba.

Ya buɗe zabira. Asake suna jere a ciki, kowace da mazauninta, wasu ma tun na mahaifinsa ne. Amma hannunsa bai tsaya a kansu ba. Sabuwar reza ya zaro, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya ɓare takardarta a gaban uban yaro. Da ita aka yi askin suna.

Irin wannan ya zama ruwan dare a Shika da Samaru da Sabon Gari. Sana'ar tana nan, wanzami yana nan, amma askar da aka san shi da ita tana kwana a zabira. Idan aska ta daina fita, maƙerin da ke ƙera ta shi ma zai daina, kuma ilimin da ke hannunsa ba a rubuce yake ba.

Ƙasar tama tun fil azal

Wanda ya taso daga Sabon Gari ya bi ta Kwangila, ya wuce Palladan da Samaru ya nufi Shika, abin da zai fi gani makarantu ne da wuraren bincike. Ga cibiyar binciken aikin gona da ta samo asali a 1922, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ga gonar dabbobi ta Shika da aka kafa a 1928 wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, ga kuma Asibitin Koyarwa da ya tare a mazauninsa na dindindin a 2005.

Amma ilimin ƙarfe ya riga su zama a nan. A shekarun 1970, masu tonon kayan tarihi na jami'ar, cikinsu har da John Sutton, sun gano ragowar wuraren narkar da tama da tarin kashin tama a yammacin Samaru, waɗanda shekarunsu suka haura dubu. Ke nan tun kafin a gina ganuwar Zariya ake haƙo dutse a wannan yanki, a narka shi, a fitar da ƙarfe.

Hausawa sun raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da kayan ado, akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma da lauje da gatari. Aska aikin maƙeran baƙi ce, ita ce kuma mafi ƙanƙanta da laushin aiki a cikin abin da suke bugawa.

Zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911, wanda a sanadiyyarsa Sabon Gari ta kafu ta cika, ya kawo ƙarfen Turai da tarkacensa a araha. Sannu a hankali aka daina narkar da tama, maƙeri ya koma sayen tsohon ƙarfe. Philip Jaggar ya bayyana irin wannan sauyi a nazarin da ya yi wa maƙeran birnin Kano. Har yau daga wurin 'yan gwangwan da masu sayar da tsoffin kayan mota ake fara ƙirar aska.

Shi kuwa wanzami, matsayinsa ya wuce na mai rage suma. Shi ne mai askin suna da kaciya da ƙaho da tsaga, har sarauta gare su, ta Sarkin Aska. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a Giwa aka buga a 1954, ya nuna yadda ba a cika bikin suna sai da wanzami. Shika kuwa a Ƙaramar Hukumar Giwa take.

Ba kowane ƙarfe ke yin aska ba

Rodin gini ba ya yin aska, haka ma kwanon rufi ko ƙusa. Ko an wasa su sun yi kaifi, gashi kaɗan za su ci su dakushe. Abin da maƙeri ke nema shi ne tsohon magagari, ko guntun sifirin na mota, ko bakin zarto, ko zoben boris.

Masana ƙarfe sun san dalili. Waɗannan duka suna ɗauke da sinadarin kabon mai ɗan yawa, daga kimanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100, kuma shi ne ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Maƙeri bai san lissafin ba, amma yana da nasa ma'aunin. Yakan buga ƙarfen ya saurari amonsa, ko ya goga shi a inji ya dubi tartsatsi. Wanda tartsatsinsa ke fashewa yana rassa, shi ne mai kyau.

Daga nan sai wuta. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so, don yana da nauyi, yana daɗewa, zafinsa kuma ba ya yaudara. Yaro yana kan zuga-zugi, maigida ya riƙe ƙarfe da awartaki, in ya yi ja ya ɗora kan uwar maƙera ya bi shi da masaba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, balle ɗan guntun da bai fi yatsa ba, wanda kafin ka ƙifta ido ya huce.

Gwanintar tana wajen rabon kauri. Bayan aska a bar shi da kauri, a riƙa jan ƙarfen yana sirancewa har zuwa baki. Sai dai ba a ƙarasa sirantar da bakin a wuta, domin in ya yi fyaɗe da yawa zai karkace ko ya tsage a mataki na gaba. In siffa ta fito, sai a binne ta a toka mai ɗumi ta huce a hankali, ƙarfen ya saki jiki, sannan a bi ta da magagari a daidaita.

Ban-ruwa: inda aska ke yi ko ta lalace

Duk wahalar da aka sha a baya, sakamakonta yana rataye da 'yan daƙiƙu. Maƙeri zai mayar da aska wuta, ya fi son inuwa ko yamma don ya karanta launin ƙarfen da kyau. Idan ja ya game ta daga baki har baya, sai ya tsoma ta cikin ruwa ko mai.

A ma'aunin zamani, zafin da ake nema ya kai wajen digiri 800. Akwai ma wata alama mai sauƙi: da ƙarfe ya kai kimanin digiri 770, maganaɗisu ya daina kama shi. Maƙerin da ya rataye ɗan maganaɗisu kusa da wutarsa ya rage wa idonsa aiki. Ruwa yana ba da tauri da gaggawa amma yana iya fasa siririn ƙarfe. Mai ya fi sauƙin hali.

Askar da ta fito daga ban-ruwa tana da taurin da magagari ke zamewa a kanta, amma tana da gautsi kamar kwalba. In ta faɗi ƙasa sai ta ɓalle. Don haka ake goge ta ta yi haske, a sake ɗumama ta a hankali nesa da tsakiyar wuta, ido na kan launi. Da ta yi kalar busasshen kara, wato wajen digiri 200, sai a janye. In aka yi sakaci ta koma shuɗiya, taurin ya ragu, ta dace da sifirin amma ba ta dace da gemu ba.

A riƙe wannan batu na zafi, domin zai dawo a maganar tsafta.

Washi: rabin sana'ar wanzami

Maƙeri ya ba da aska, amma wanzami ke ba ta baki. Yaron da aka kawo koyon wanzanci yakan daɗe yana ɗaukar zabira da jiƙa dutse da washi kafin a yarda ya taɓa kan mutum.

Bakin aska ya fi na wuƙa tsini nesa ba kusa ba. Kusurwar wuƙar girki takan kai digiri 30 zuwa 40, ta aska kuwa tsakanin 15 ne da 20. A askar da aka ƙera daidai, faɗinta yakan ninka kaurin bayanta sau uku da rabi zuwa huɗu. In aka kwantar da ita a kan dutse, baya da baki suka taɓa tare, kusurwar ta fito da kanta. Wannan ne ya sa kuskuren maƙeri ba ya gyaruwa a hannun wanzami.

Ana farawa da dutse mai ɗan kaushi a fitar da baki, har ɗan leɓe siriri ya tashi a ɗaya gefen. Sai a koma dutse mai laushi, a ɗiga ruwa, a riƙa ja ana juyawa, nauyin hannu yana raguwa har ya zama nauyin askar kaɗai ke aiki. Masu ƙera duwatsun washi na zamani suna ba su lamba, daga 1,000 na fitar da baki zuwa 8,000 ko 12,000 na gamawa. Wanzami da yatsa yake gane nasa.

Ƙarshe sai fata. A nan aska baya take bi, ba a tura bakin gaba. Fata ba ta cin ƙarfe sosai, miƙar da bakin take yi ta share ragowar leɓen. Shi ya sa za ka ga wanzami yana tsakiyar aski ya dakata ya shafa aska a fata ko a tafin hannunsa. Gwajin kuwa sananne ne: ta ɗebe gashin hannu ba tare da an danna ba.

Me ya sa gashi, duk da laushinsa, ke dakusar da ƙarfe? Wani bincike da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa gashi yana lanƙwasawa a gaban kaifi, ya matsa wa bakin ta gefe, har ƙananan ɓarɓashi su ɓalle a inda ƙarfen ke da rauni. Wanzamin da ke jiƙa suma sosai da ruwa da sabulu kafin ya ɗora aska yana kare fatar mutum, yana kuma kare bakin askarsa.

Wajen washi, babban abokin gabar aska a yau shi ne injin wasa ƙarfe mai lantarki. Yana da sauri, amma yana ƙona baki. Da ka ga gefen ya yi shuɗi, ban-ruwa ya tafi.

Me ya ture ta?

Na farko reza. Ba'amurke King Gillette ya sami rajistar askarsa mai bakin da ake jefarwa a 1904, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinta. Tun daga nan duniya ta saba da kaifin da ba ya bukatar dutse. Yau babu kantin unguwa a Samaru da ba a samun reza, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba.

Na biyu kilifa. Samaru garin ɗalibai ne, dubban matasa ke shigowa kowane zango, kuma ba ƙwal-kwabo suke so ba. Salo suke so, da madubi da fanka da kallon ƙwallo. Shagunan aski sun cika bakin titi, har an samu kilifa mai caji da ba ta jiran wuta ko janareto.

Na uku gado ya yi rauni. Ɗan wanzami da ɗan maƙeri suna makaranta, ko suna kan babur suna nema. Da can wanzami yana da gidajensa, ana ba shi kasonsa na naman suna da hatsi da kaka. Yanzu komai kuɗi ne hannu da hannu, kuma maƙeri ya fi samun ciniki a fartanya da lauje da damina fiye da aska ɗaya da za ta cinye masa yini.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, tsoron cuta.

Abin da likitoci ke faɗa

Tun da aka ba da rahoton ɓullar ƙanjamau a Najeriya a 1986, wayar da kai a rediyo ta sa mutane ƙyamar duk wani ƙarfe da ake yi wa jama'a aiki da shi. Amma likitoci sun fi nuna damuwa da ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, alhali masu ƙanjamau ba su kai 2 cikin 100 ba.

Ƙwayar wannan ciwo tana iya rayuwa a busasshen jini har mako guda, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Mafi muni, jaririn da ya kamu yakan zauna da ita har girma, ta ci hanta a ɓoye. An sa rigakafinta a jerin allurar yara a Najeriya tun 2004, amma ba kowane yaro ke samu ba. Ga kuma tetanus mai sandarar da jiki, ga makero da ƙurajen ƙeya.

Ma'aikatan lafiya ba su tsaya kan aski kawai ba. Cire beli, yankan gishiri da kaciyar mata suna jawo zubar jini da cutar yoyon fitsari da asarar rai. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana tsaga a jikin yaro, dokar 2015 ta hana kaciyar mata. Wannan ba wurin sassauci ba ne. Komai kyan aska, akwai aikin da ya kamata ta bari har abada.

Suna kuma jan kunne cewa kilifa ba ta tsira ba. Tana yanka, tana ɗaukar jini, kuma shafa mata ɗan fetur ko kalanzir da buroshi ba ya kashe ƙwayar cuta.

Ta bakin masu sana'a

Dattawan wanzamai ba su musun maganar cuta. Da yawansu sun koma reza da safar hannu, musamman a suna da kaciya. Kokensu shi ne ana yi musu kuɗin goro, ana haɗa wanda ya gaji sana'a ya san ƙa'idarta da wanda ya tsinci zabira da rana tsaka. Suna kuma cewa reza ba ta kwanciya a hannu kamar aska, ba ta da nauyi, tana lanƙwasa, kuma ta fi saurin yanka fata.

Maƙera nasu ƙorafin na kasuwa ne. Mai saye yana son aska a farashin wuƙar yanka albasa, ga gawayi ya yi tsada, ga tsohon ƙarfe mai kyau manyan motoci na kwashewa zuwa kamfanonin narkarwa.

Matasa masu shaguna kuwa suna ganin zamani ne ya zo, kuma su ma suna amfani da reza wajen gyaran goshi da gemu. Malamai suna tuna cewa askin jariri ran bakwai sunna ne, har da sadakar nauyin gashin da azurfa, amma ba a ɗaure shi da wani irin ƙarfe ba, kuma addini ya hana cutarwa. Alhazai sun ga misali a Mina, inda hukumomin Saudiyya suka wajabta wa masu aski sabon baki ga kowane kai.

A Turai ta dawo

Abin lura shi ne, ƙasashen da suka fara jefar da aska sun fara ɗauko ta. Birnin Shefil na Ingila ya yi suna da ita tun ƙarni na 18, bayan Benjamin Huntsman ya gano hanyar tace ƙarfe a shekarun 1740. A Solingen ta Jamus kamfanin Dovo yana ƙira tun 1906, a Thiers ta Faransa kuma Thiers Issard tun 1884. Japan tana da tata askar gargajiya da duwatsun washi da ake nema a duniya.

Tun wajen 2012 kasuwar ta sake motsi. Mutane sun gaji da sayen bakin da za a jefar, sun kuma fara kallon tarin roba da ƙarfen da ke tafiya bola. Ƙananan maƙera a Amurka da Turai suna buga aska da hannu suna sayarwa ta intanet da ɗaruruwan daloli.

Sirrin dawowarta ɗaya ne. A can aska ta mutum ɗaya ce. Shi ya saya, shi ke wasawa, fatarsa kaɗai take taɓawa.

Kowa da askarsa

A nan ne mafita take. Ƙarfen ba shi ne mai laifi ba, yawon da yake yi daga kai zuwa kai ne. Magidancin da ke son askin gargajiya zai iya sa maƙeri ya buga masa tasa, ya ajiye ta a gida, wanzami ya zo da dutsensa da gwanintarsa kawai. Kafin a yi washin ma a wanke ta, domin dutse da fata su ma suna ɗaukar abin da aska ta ɗauko.

Tsaftace ta kuma ba ta gagara ba, in an san halin ƙarfe. Wasu kan kara bakin aska a harshen wuta, alhali wannan yana kashe ban-ruwa. Wankewa da sabulu sannan a tafasa ta minti 20 yana kashe ƙwayar ciwon hanta da ta ƙanjamau, kuma digiri 100 na tafasasshen ruwa bai kai zafin da zai taɓa taurinta ba. Tukunyar tururi ta asibiti, mai digiri 121, ta fi tabbas don tana kashe har ƙwayar tetanus, ita ma ba ta lalata ƙarfen. Sai dai a busar da aska nan take a shafa mata mai, don irin wannan ƙarfe yana saurin tsatsa. Jariri kuwa, da duk aikin da zai fitar da jini, sabon baki ko asibiti.

Abin da ke ba da takaici shi ne duk masu ilimin da ake bukata suna kan titi ɗaya. Jami'a tana da sashen nazarin ƙarafa da zai iya auna askar maƙeri ya gaya masa inda ban-ruwansa ya tsaya. Cibiyar fasahar fata ta ƙasa tana Samaru, ga fatar washi da zabira mai wankuwa. Asibitin Koyarwa yana Shika, ga horo da rigakafin ciwon hanta ga wanzamai da masu shaguna. Sarakunan aska da na maƙera suna nan, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin mabiyansu. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Hausawa na cewa in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Nan wannan sana'a ta iso. Dattawan da ke iya duban ja su san lokacin tsomawa ba su da yawa, kuma wanda ya tafi da nasa ilimin yake tafiya.

A gidan sunan nan na Shika, wanzami ya gama aikinsa, ya naɗe rezar a takarda don kada yara su tsinta. Kafin ya rufe zabira sai ya zaro tsohuwar askar mahaifinsa, ya goge ta da tsumma mai ɗan mai, ya gwada bakinta a gashin hannunsa. Har yanzu tana ci. Abin da ya rage shi ne a samu mai saye da zai ce tasa ce, da yaron da zai zauna gefen dutse ya koyi washi.